Direban da Ya Tsufa

Bari in gargaɗe ku tun daga bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo shafin nan don ya ji an ba da 'ya an tashi ana dariya, gara ya nemi wani wurin. Ranar Asabar ɗin da zan ba ku labarinta, tun da na buɗe ido da safe jikina ya ba ni cewa wani abu zai fashe a gidana. Abin da ban sani ba shi ne, ni da kaina zan ɗauko shi in shigo da shi falo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni direba ne. Shekara ashirin da bakwai ina bayan sitiyari, yanzu motar kaya ta wani babban kanti nake ja. Karatuna bai yi nisa ba, rubutun nan ma da yatsa ɗaya nake yin sa, sai ku yi haƙuri da ni. 'Ya'yana huɗu, uku sun yi aure sun bar mu, saura Auta, wadda take koyarwa a makarantar ƙananan yara. Mai nemanta wani saurayi ne mai gyaran kwamfuta, kowa Injiniya yake ce masa. Shekara guda yana zuwa gidan nan, bai taɓa shigowa da takalmi ba, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu baffanninsa za su zo su ji amsata. Yayana ya yarda, Mamansu ta yarda tun kafin a tambaye ta. Bakina kawai ake jira.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku, don ku ba ku san fuskata ba. Idona yana mutuwa. Wata bakwai ke nan da likita ya ce yana ce take rufe mini duka biyun, ya rubuta takarda ya ce in dawo a yi aiki. Na ninke takardar gida huɗu, na tura ta aljihun ciki na tsohuwar kwat ɗina, ban koma ba. Direban da aka ji idonsa ya taɓu, wa zai sake miƙa masa makulli? Hanyoyin da na haddace nake bi, da rana kawai. Wayar nan ma a kan hancina nake riƙe ta. Na sa Auta ta ƙara mini girman rubutu, na ce mata hasken rana ne yake dame ni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar Juma'a da yamma ina wanke mota sai ga Dogo, tsohon abokina, direban tasi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ja ni gefe.

"Gobe ne za ka ba da 'yar taka?"

"In Allah ya kai mu."

"To, ni dai ba na shiga tsakanin harshe da haƙori. Amma ranar Laraba yaron da nake bai wa motata da rana ya ɗauki surukin naka. Shi da wata mace, a baya. Tana ta kuka, yana ta lallashi."

"Wace mace?"

"Ni na gani? Shi ma ya ce hanya yake kallo. Amma kyamarar da na sa a gaban motar tana ɗaukar ciki. Ungo."

Ya zuba mini wani ɗan katin memori a tafin hannu, bai kai farcen babban yatsana ba. Ya ce shi bai kalla ba, fuskar kyamarar ta daɗe da fashewa, kuma da asuba zai yi doguwar tafiya. Ya shige motarsa ya bar ni tsaye da soso a hannu, kumfa na gangara mini a gwiwar hannu.

Na sa katin a wayata, ta ce ba ta san wannan ba. Na yi tunanin kai shi layin masu gyara, sai na tuna duk wanda ke layin nan ko abokin Injiniya ne ko yaronsa ne a da. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Saura kwamfutar falo. Wata tsohuwar baƙar akwati ce da muka saya ta hannu saboda aikin Auta, tana zaune a ƙarƙashin tebur kusa da taga, an lulluɓe fuskarta da ɗan ƙyalle mai furanni. Da safiyar Asabar, Mamansu na madafi, Auta na wanke labule a tsakar gida, na lallaɓa na kunna ta. Na ga yadda Auta take yi sau da yawa. Na tura katin a ɗan ramin da ke gaba, na yi ta danne-danne har na dace da fayil ɗin Laraba.

Murya ta fito, amma hoto bai fito ba. Fuskar kwamfutar ta koma kore shar, wasu 'yan murabba'ai suna ta tsalle a kai, fankar cikin akwatin ta hau gurnani kamar mota a kan tudu da lodi. A cikin ƙarar inji da hon na ji muryarsa sarai, muryar da take ce mini "Baba, ina wuni" a durƙushe.

"Direban ne ya tsufa," in ji shi. "Shi ne duk matsalar. Sai an cire shi gaba ɗaya kafin a samu lafiya."

Jama'a, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi a ƙeya. Direba nawa ne a rayuwar yaron nan? Sai na ji shesshekar mace can ƙasa-ƙasa, ba ta furta kalma ko ɗaya da kunne zai kama ba. Ya sake magana, wannan karon a hankali.

"Ki yi haƙuri. Kar ki gaya masa tukuna. In ya sani yanzu komai zai lalace. Bari a wuce Asabar."

Sau uku ina mayarwa. Ina cikin na huɗu na ji takun Auta, na yi maza na murɗe sautin.

"Baba! Yau kuma kai ne a kan kwamfuta? Lallai za a yi ruwa da ƙanƙara."

Tana sanye da tsohuwar doguwar rigarta ta aikin gida, ta ɗaure kai da ɗankwali, hannunta duk sabulu. Sabon ɗinkin da za ta sa anjima, mai ruwan sararin sama, yana rataye a jikin ƙofar ɗakinta ta waje tun shekaranjiya, kowa ya wuce sai ta ce kar a taɓa.

"Wani bidiyo ne na motar Dogo," na ce. "An goge shi a hanya, yana so in duba masa wa ke da laifi."

Ƙarya ta farko ke nan a ranar. Ta leƙo ta ga koren, ta taɓe baki.

"Haka take yi mini da bidiyon da iyayen yara ke turowa daga sababbin wayoyi. Bari in gaya wa Injiniya."

"Kar ki..."

Ina! Ta riga ta goge hannu a riga ta ɗauki waya. Da ma ɗabi'arta ce ta karanta mini saƙonninsu in ba na sirri ba ne, don ta nuna mini ba ta ɓoye komai.

"Na ce masa: Kwamfutar Baba ta ƙi nuna hoto, sai kore. Ya ce: Murya na fita? Na ce: E. Ya ce: Na gane ciwon. Ina zuwa yanzu. Na ce: Yau fa Asabar ce, ba ka da shiri? Ka ji abin da ya ce, Baba? Wai: Aikin Baba shi ne shirin farko." Ta yi dariya ta rungume wayar. "Ka ga irin surukin da Allah ya ba ka?"

Na ce, "Na gani."  Ga mai laifi zai zo da hannunsa ya buɗe mini shaidar da za ta kama shi, ga 'yata tana murna.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Na kai ta hanci na karanta: "Ƙarfe uku da rabi ina gidanka. Mutanen nan masu mutunci ne. Kar ka kawo mana irin nuƙu-nuƙun nan naka." Na mayar da wayar aljihu.

Sha biyu da 'yan mintoci Injiniya ya yi sallama. Rigar aiki ce a jikinsa, shuɗiya mai aljihu biyu, da wata baƙar jaka a kafaɗa, gashin kansa sabon aski. Ya ajiye takalmi a waje, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya. Ka bar shirinka ka taho."

"Ai ba komai, Baba. Minti arba'in ne in Allah ya so."

Mamansu ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce ta koma. Na lura da haka, don ita mace ce da in yaron nan ya zo sai ta tambaye shi lafiyar kowa har kajin gidansu.

Ya zauna a kan 'yar kujerar Auta, ya buɗe wani shafi mai jerin rubutu, ya danna nan ya danna can. Ni ina tsaye a bayansa na harɗe hannu. Auta ta jingina da bango.

"Yauwa," ya ce. "Abin da na zata ne. Direban ne ya tsufa, Baba. Sai an cire shi gaba ɗaya."

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.

"Me ka ce?"

Ya waiwayo a firgice. Auta ta saki baki.

"A cikin gidana? A gaban 'yata? Maimaita in ji!"

"Baba, direban... direban katin hoto nake nufi." Ya nuna akwatin da ke ƙarƙashin tebur. "Wallahi na kwamfuta."

Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wayyo Baba! Ya zaci da shi kake! Baba, kai ai sabo ne fil, ko leda ba a cire maka ba."

"Rufe mana baki," na ce, amma muryata ta riga ta sauka. "Kwamfuta tana da direba?"

"Tana da su da yawa, Baba. Ka ga a cikin akwatin nan akwai wani kati, aikinsa kawai ya zana hoto a fuskar nan. To shi katin kamar mota ne. Bidiyo shi ne kaya. Direba kuwa wata 'yar manhaja ce da take gaya wa katin yadda zai ɗauki kayan ya kai. Sababbin kyamarori wani sabon ɗauri suke yi wa hoto don kar ya ci wuri. Direban da ke ciki tun na shekarun baya ne, bai san wannan ɗaurin ba. Shi ya sa murya take wucewa, hoto ya maƙale a hanya."

"Kuma kullum haka kuke faɗa? Ya tsufa, a cire shi?"

"A rana sai in faɗa sau goma, Baba. A shago, a waya, ko a mota nake."

Ko a mota yake. Na nemi hannun kujera na zauna. Rabin tuhumar da nake ɗauke da ita ta zube a ƙasa kamar buhun da ya ɓarke. Ashe da wani mai kwamfuta yake waya. Kunya ta kama ni, har na ji ina so in ce a bar gyaran, in zare katin in jefa a kwata. To amma kukan fa? Da "kar ki gaya masa"? Wannan ba da kwamfuta ake yi ba.

"Ci gaba," na ce.

Ya kashe kwamfutar, ya zare wayar wuta, ya jawo akwatin tsakiyar falo. Ya ce ba ya so ya dogara da abin da ta rubuta kawai, gara ya ga lambar katin da idonsa, don in aka sa direban wani katin daban, sai ta ƙi nuna komai ma. Ya ciro sukudireba daga jaka.

"Ga direba na uku ya shigo," in ji Auta. "Ɗakin nan ya zama tasha."

Ba wanda ya taya ta dariya. Ya kwance kusoshi biyu, ya zare murfin gefe. Ƙura ta yi gashi a jikin fanka, ya hure ta da wata 'yar roba. Ya kunna tocilar waya, ya karkata akwatin wajena.

"Baba, kai ka fi kusa. Ga wata farar takarda a jikin katin, karanto mini lambar."

Na sunkuya. Farar takardar na gani, amma abin da ke kanta kamar tururuwa ce ta bi ta kan madara. Na matse ido. Na goge shi da bakin riga.

"Ƙurar nan ta shigar mini ido," na ce.

Ƙarya ta biyu.  Injiniya ya juyo da akwatin wajensa a hankali, ya karanta lambar a ransa, ya rubuta a bayan hannunsa da biro. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai ce "bari ta fita ka sake gwadawa" ba. Kamar da ma ya san amsar.

Ya mayar da murfi, ya kunna. Ya haɗa kwamfutar da datar wayarsa, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Ya ce daga can kaɗai yake ɗauko direba, don waɗanda ake rabawa a wasu shafuka sukan zo da ƙwayar cuta a ɓoye. Ya zaɓi lambar, ya danna. Wani ɗan layi ya bayyana yana cika a hankali.

Ƙarfe ɗaya ta wuce. Layin nan yana tafiya kamar tirela a cunkoso. Muka tashi muka yi sallar azahar, ni a gaba shi a baya, ina jin numfashinsa. Ban taɓa yin sallar da hankalina ya rabu biyu irin wannan ba, Allah ya yafe mini. Muka dawo, layin bai kai ƙarshe ba. Mamansu ta aiko Auta da ruwan sanyi da lemo, ita ba ta fito ba.

Yaya ya sake turo saƙo: "Ka ga saƙona ka yi shiru. Na san halinka."

Biyu saura kwata ya gama sauka. Injiniya ya ce yanzu sai a cire tsohon.

"Dole ne?" na tambaye shi. "Ba a barin sa a gefe, ko don shekarun da ya yi yana aiki?"

Ya ɗan yi murmushi, bai dube ni ba. "In aka bar ragowarsa, faɗa suke yi da sabon, Baba. Amma ba wai jefar da shi ake yi ba. Kamfani ɗaya ne, gida ɗaya ne. Shi ne dai, aka wanke masa ido ya dawo bakin aiki."

Na dubi ƙeyarsa na daɗe. Wanke ido? A cikin duk kalmomin duniya?

Ya danna, kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e. Ta mutu ta taso. Sai ga wani abin mamaki: komai ya kumbura. Rubutu ya yi manya-manya, hotunan gefe suka zama kamar tafin hannu.

"Kai, ta lalace!" in ji Auta. "Dubi yadda ta yi muni."

"Haka take yi in ba direba," ya ce. "Na ɗan lokaci ne."

Ni kuwa, jama'a, karo na farko ke nan a wata bakwai da na karanta abin da ke fuskar kwamfutar nan daga inda nake zaune, harafi bayan harafi, har da agogon da ke lungu: biyu da minti goma. Abin da 'yata ta kira muni, shi ne daidai idona. Na so in ce a bar ta haka. Na haɗiye.

Ya buɗe sabon direban. Ya ce fuskar za ta yi ƙyafta-ƙyafta, za ta yi baƙi, kar kowa ya taɓa komai, in wuta ta yanke ko aka kashe a tsakiyar aiki sai an koma farko. Ya cire hannunsa daga tebur ya ɗora a cinya.

Ta ƙyafta sau ɗaya. Ta ƙyafta na biyu. Ta yi baƙi ƙirin.

 A cikin baƙin gilashin ina hango inuwarmu mu uku, ba fuska, sai siffa. Agogon bango na ta ƙas-ƙas. Daga madafi ba a jin ko motsin cokali.

"Ta mutu ne?" Auta ta yi raɗa.

"Tana tunani."

Na ce a raina, Allah ka sa kar ta tashi. Sai kuma na ce, Allah ka sa ta tashi. Ban san wacce addu'ar aka amsa mini ba, haske dai ya dawo. Ya sake kashe ta ya kunna, komai ya koma ƙanana, tsaf-tsaf, suka ce ya yi kyau. A wajena tururuwa ta dawo. Ya shiga manhajar kallon bidiyo, ya kunna wani wuri da ya ce shi ne zai sa katin ya ɗauki nauyin warware hoton da kansa, maimakon a bar wa ƙwaƙwalwar kwamfutar tana nishi. Ya gwada da bidiyon yaran ajin Auta suna waƙa. Ya tafi sumul, fanka ko tari ba ta yi ba.

Uku da kwata.

"Madalla," na ce, na miƙe. "Allah ya yi albarka. Je ka shirya, lokaci ya tafi. Sauran zan duba da kaina."

"To Baba. Sai dai da an gwada ainihin wanda ya ƙi, don ba duka ne ɗauri ɗaya ba. In na tafi ya ƙi..."

"Ai ga shi nan a ciki," in ji Auta. Ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta danna.

Na ce "Auta!" amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ba kore. Cikin mota ya bayyana, da hasken rana ta tagar baya. Ƙarar inji ta cika falon, don yaran da suka yi waƙa sun sa an ƙara sauti. Sai muryarsa: "Direban ne ya tsufa." Na ga bayansa ya sandare a kan kujera. Sai shesshekar. Sai "Kar ki gaya masa tukuna. Bari a wuce Asabar."

Auta ta matsa kusa. "Ai wannan..."

"Auta," in ji Injiniya a hankali.

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Ni fa? Ina tsaye taku biyu daga tebur, na buɗe ido iya buɗewa. Na ga siffar mutum biyu a kujerar baya. Na ga shuɗin rigarsa. Kusa da shi na ga wani dunƙule mai ruwan hanta, mayafi ke nan, da wani fari-fari a hannunta kamar takarda. Inda fuska take kuwa, hazo ne kawai. An sauke direba, an cire, an sa, hoto ya fito tar kowa ya gani, ban da wanda ya tara mutane don ya gani. Kafin in gane ta sai na kai hancina jikin gilashin, a gaban 'yata, a gaban yaron da nake tuhuma. In na yi haka kuwa, na gama tona wa kaina asiri.

Mayafi mai ruwan hanta, rabin matan gari suna da shi. Mamansu ma tana da ɗaya, ni na saya mata.

Injiniya ya sauko daga kujera ya durƙusa a gabana, kansa a ƙasa.

"Baba, ka ga ko wace ce. Ba ni da abin cewa. Na yi alkawarin ba zan yi magana ba, kuma ba zan karya ba. Hukunci yana hannunka."

Auta ta juyo. Na zaci shi za ta harara, ko ta rufe shi da faɗa. Ni ta tsura wa ido, hawaye na zuba, kamar yau ta fara ganina.

"Baba, ka gani?" ta ce. "Ka gan ta?"

"Na gani," na ce.

Ƙarya ta uku, kuma ita ce ta fi nauyi. Ta daɗe tana kallona. Sai ta sunkuya ta zare katin daga ramin, ta dunƙule shi a hannu, ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Sabon ɗinkin da ke rataye ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta dawo ta ɗauka ba.

Daga bakin madafi Mamansu ta ce, "Malam, ga Yaya nan ya iso." Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba. Muryarta kamar ta mai mura.

Injiniya ya fita ta ƙofar baya. Ƙarfe huɗu daidai baffanninsa uku suka zauna a falona cikin manyan riguna, ƙamshin turarensu ya cika ɗakin, kwamfutar tana gefe an mayar mata da ƙyallenta. Aka gaisa, aka yi addu'a, babbansu ya faɗi abin da ya kawo su. Yaya ya dube ni yana murmushi. In na ce e, wataƙila na miƙa 'yata ga mai wata macen a ɓoye. In na ce a'a, wataƙila na kori yaron da yake rufa mini asirin da ni na kasa rufa wa kaina.

Na ce, "Ku ba ni kwana bakwai."

Murmushin Yaya ya ɗauke. Babban baffan ya ce ba komai, mai 'ya shi ne mai magana. Ko lemon ba su shanye ba. A bakin ƙofa Yaya ya kama hannun rigata ya ce, "Ka kunyata ni. In ka kashe auren nan da hannunka, kar ka neme ni."

Yau Lahadi. Auta ta fito ta gaishe ni da safe, ta ajiye mini shayi, ta gyara kofin ta kawo shi daidai hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce ta ba ni katin, ta ce, "Ai ka ce ka gani, Baba." Mamansu tana ta share inda ta riga ta share. Na tambaye ta ina ta je ranar Laraba, ta ce kasuwa. Na tuna ranar ba ta dawo da ko albasa ba, amma ta sha zuwa kasuwa ta dawo hannu rabbana in kaya sun yi tsada.

Na shiga ɗaki na laluba aljihun tsohuwar kwat. Takardar likita tana nan. Ni gida huɗu na ninke ta. Gida biyu na same ta.

Ɗazu kuma saƙo ya shigo daga Injiniya. Na kai wayar hanci na karanta sau biyar: "Baba, ban yi fushi da kwana bakwai ba. Duk ranar da ka shirya, ni zan raka ka. Ba sai ka ce komai ba."

Ya raka ni ina? Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba, don tambayar ma amsa ce. Gobe Litinin, ƙarfe bakwai makullin mota yana jirana a kanti. Saura kwana shida in ba mutane amsa. Har yanzu ban san wace ce matar da ke cikin motar nan ba, ban kuma san abin da aka ce kar a gaya mini ba.